Tsaga da Maƙwabciyarta: Yadda Kwamfuta Ke Lissafin Karyewar Ƙarfe



Gabatarwa

Ran 28 ga Afrilu, 1988, da rana tsaka, wani jirgin sama samfurin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga garin Hilo zai tafi Honolulu, cikin tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, ɗauke da mutum 95. Da ya kai ƙafa 24,000 a sama, sai rufin gangarsa ya yaye daga bayan ɗakin matuƙa, tsawon kimanin ƙafa 18, fasinjoji suka tsinci kansu zaune a fili, ba kome bisa kansu sai sararin samaniya. Iska ta fizge ma'aikaciyar jirgi guda ɗaya, ba a sake ganinta ba, kana mutum 65 suka ji rauni. Cikin ikon Allah matuƙan suka saukar da abin da ya rage na jirgin a tsibirin Maui bayan minti 13.

Da masu bincike suka duƙufa kan gangar jirgin, abin da suka tarar shi ne ƙananan tsage-tsage masu yawa, jere a layi ɗaya, kowace ta fito daga ramin ƙusa. Da a ce an ɗauki kowace ita kaɗai an auna ta, da yawancinsu ba su isa tayar da hankali ba. Amma da yake suna jere kusa da juna, sai suka haɗe suka zama tsaga guda doguwa, wadda ta fi ƙarfin duk kariyar da aka yi wa jirgin.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ba a yanke wa tsaga hukunci sai an san maƙwabciyarta, watau inda take da kuma tazarar da ke tsakaninsu. Za a bayyana yadda kwamfuta ke yin wannan lissafi, da inda ƙarfinta ya tsaya, da abin da ya rataya a wuyan mai duba kayan aiki da mai sa hannu a rahoto.

Tsaga Guda Ɗaya

Kowa ya taɓa ganin mai sayar da yadi a kasuwa sa'ad da zai yanka wa mai saye. Ba ya bin faɗin yadin duka da almakashi. Yakan ɗan tsaga bakinsa kaɗan, sa'an nan ya kama gefe biyu ya ja, sai yadin ya kece har ƙarshe. Yadin da ƙarti biyu za su ja su kasa kecewa, ga shi ɗan yanka mai tsawon farce ya sa ya bi hannun mutum ɗaya. Dalili kuwa shi ne, zaren da aka yanke sun daina ɗaukar nauyi, saboda haka nauyinsu ya tattaru bisa zare na farko da ke bakin yankan. In ya tsinke, nauyin ya faɗa wa na gaba da shi, haka har yadin ya rabu biyu.

Ƙarfe ma haka yake. A shekarar 1913 Charles Inglis, malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya lissafta yadda nauyi ke tattaruwa a gefen rami cikin farantin ƙarfe da ake ja. Idan ramin da'ira ne, nauyin da ke gefensa ninki uku ne na sauran farantin. Idan kuwa mai siffar ƙwai ne, yana kwance a gicciye, kuma tsawonsa ya ninka faɗinsa sau goma, to nauyin da ke tsininsa yakan kai ninki 21. Tsaga kuwa rami ce wadda faɗinta bai kai gashi ba, don haka tsininta ne wurin da ya fi ko'ina shan wahala. Wannan ne ya sa makanike kan huda ɗan rami a ƙarshen tsaga, domin ya dakushe tsinin, nauyi ya ɗan bazu.

A shekarar 1921 aka buga binciken A. A. Griffith, wanda ya yi gwaji da gilashi a Ingila, ya nuna cewa ga kowane nauyi akwai tsawon da in tsaga ta kai shi, za ta ruga da kanta ba tare da an ƙara kome ba. Daga baya, a shekarar 1957, George Irwin na Amurka ya tattara al'amarin cikin ma'auni ɗaya, wanda masana ke rubutawa da harafin K, a nan kuwa za a kira shi zafin tsini. Zafin tsini yana ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora. Idan kuma tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, shi yakan ninka sau biyu. Kowane irin ƙarfe yana da iyakar zafin da zai iya jurewa, da an wuce ta sai karyewa.

Saura tambaya guda: yaya ƙaramar tsaga ke girma har ta kai wannan iyaka? Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san amsar, domin abin da ake kira gajiyar ƙarfe ke nan. Jirgin sama kuwa kullum cikin wannan hali yake. In ya hau sama akan cika gangarsa da iska domin fasinja su yi numfashi, matsin kuwa yana iya kaiwa tan 5 bisa kowane murabba'in mita na fatar jirgin. In ya sauko matsin ya tafi. Ashe kowane sawu lanƙwasa ɗaya ce. Gajiyar ƙarfe ce ta tarwatsa jiragen Comet biyu na Ingila a sama a shekarar 1954. A farkon shekarun 1960 Paul Paris ya nuna cewa ɗan takun da tsaga ke yi a kowane sawu ya dogara ga zafin tsini, kuma ga ƙarafa da yawa, in zafin ya ninka sau biyu, saurin girman tsagar yakan ninka kamar sau takwas. Ya kamata masu sauraro su riƙe wannan adadi, domin za a komo gare shi.

Zaman Maƙwabtaka Iri Uku

Duk abin da aka faɗa a sama game da tsaga ɗaya ne, wadda ke zaune ita kaɗai cikin faffaɗan faranti. Amma nauyin da tsaga ta ƙi ɗauka ba ɓacewa yake yi ba, kewaya ta yake yi ya bi ta wani wuri. Idan akwai wata tsagar a wurin da ya bi, to al'amari ya sake. Akwai zama iri uku da ya kamata a rarrabe.

Na farko shi ne tsage-tsage da ke jere a layi ɗaya, tsini na fuskantar tsini. Ma'aikacin da ya saba da littafin rasit ya san wannan, domin layin ƙananan huji da ke tsakanin rasit da gindinsa an yi shi ne da gangan don takarda ta yage daidai wurin. Ƙarfen da ya rage tsakanin tsaga biyu yana ɗaukar nauyin da suka ture masa daga dama da hagu, don haka kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta zafi. Ana iya lissafta wannan da alƙalami idan tsage-tsagen tsawonsu ɗaya kuma tazararsu ɗaya. Alal misali, a ce daga tsakiyar kowace tsaga zuwa tsakiyar ta gaba milimita 100 ne. Idan tsawon kowace milimita 20 ne, maƙwabtaka ba ta ƙara mata zafin da ya kai kashi 2 cikin 100 ba, a kan wanda za ta samu in ita kaɗai ce. In ta kai milimita 50, ƙarin ya zama kashi 13 cikin 100. A milimita 80 ya haura kashi 56 cikin 100, a milimita 90 kuwa zafin ya wuce ninki biyu. Idan aka ɗora wannan bisa lissafin Paris, tsagar milimita 80 tana girma da saurin da ya kusa ninki huɗu na wadda ba ta da maƙwabciya, ta milimita 90 kuwa fiye da ninki tara. Abin lura a nan shi ne, haɗarin yakan daɗe yana kwance kamar babu shi, sa'an nan ya taso gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Mai duban da ya zo bara ya ga kome lafiya bai yi ƙarya ba, amma rahotonsa ba ya lamunce wa bana.

Na biyu shi ne tsage-tsage da ke kwance gefe da gefe, ɗaya bisa ɗaya, kamar layukan littafin rubutu. A nan akasin na farko ke faruwa. Kowace tsaga tana da inuwa a samanta da ƙasanta, watau yankin da nauyi ya kauce masa. Wadda ta faɗa cikin inuwar wata, zafin tsininta yakan ragu, har ma takan tsaya cik. Ana ganin wannan idan aka tsoma gefen farantin gilashi ko na tangaran mai zafi cikin ruwan sanyi: tsage-tsage da yawa sukan fito a jere, amma can gaba sai wasu su tsaya, na tsakaninsu su ci gaba, domin dogayen sun rufe gajerun da inuwarsu.

Na uku shi ne mafi wuyar sha'ani, watau tsaga biyu da ke tunkarar juna amma ba a layi ɗaya sosai ba. Hankali zai ba mutum cewa za su miƙe su haɗa tsini da tsini. Abin da ake gani kuwa shi ne, sukan ɗan kauce wa juna da farko, su gota juna, sa'an nan kowace ta lanƙwaso kamar ƙugiya ta sari cikin 'yar'uwarta, su bar ɗan guntu mai siffar ƙwayar gero tsakaninsu. A shekarar 1983 Solveig Melin ta ƙasar Suwidin ta nuna da lissafi cewa ko tsage-tsagen da suka fara a layi ɗaya, ɗan karkata kaɗan ya isa ya kautar da su daga miƙaƙƙiyar hanya. Wanda ya dubi lakar fadama bayan ta bushe da rani zai ga ƙarshen wannan hali, domin sabuwar tsaga takan juya ta faɗa wa tsohuwa a tsaye, kamar yadda lungu ke faɗa wa titi.

To, a ainihin ƙarfen jirgi ko na bututu, irin zaman nan uku a cakuɗe suke. Tsaga ɗaya tana iya samun ƙari daga ta gabanta, alhali tana cikin inuwar ta gefenta, kuma da zarar ɗaya ta motsa, rabon nauyin kowa ya sake. Tsaga goma suna da tsini ashirin da alaƙa 45 tsakaninsu biyu-biyu; tsaga ɗari kuwa alaƙa 4,950. Nan alƙalami da takarda suka gaza.

Yadda Kwamfuta Ke Yin Lissafin

Babbar dabarar da ake amfani da ita ta samo asali ne daga masana'antar jiragen sama. A shekarar 1956 injiniyoyi huɗu, biyu daga cikinsu ma'aikatan Boeing, suka buga hanyar da za a lissafta ƙarfin fiffiken jirgi ta hanyar rarraba shi gunduwa-gunduwa. Ɗaya daga cikinsu, Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya, shi ya raɗa wa dabarar sunan da aka san ta da shi a shekarar 1960.

Ga yadda take. Akan zana siffar farantin a kwamfuta, a shimfiɗa masa raga ta ƙananan gunduwoyi masu kusurwa uku ko huɗu, waɗanda ke haɗe da juna a ƙulle-ƙulle. Lissafin faranti gaba ɗaya da ramukansa da tsage-tsagensa yana da wuya ainun, amma na ƙaramar gunduwa ɗaya mai sauƙi ne, domin an san yadda za ta miƙe in an ja ta. Sharaɗi guda ne: a kowane ƙulli tilas jan da ke zuwa daga kowane ɓangare ya yi daidai, kada wani ya rinjayi wani. Kowane ƙulli yakan haifar da jimlolin lissafi biyu ko uku, kuma dukansu sai an warware su tare a lokaci ɗaya. Kwamfutocin farko dubbai kaɗan suke iya ɗauka. Na yanzu suna warware miliyoyi. Tsaga kuwa a cikin wannan raga ba wani abu ba ce illa layin da aka kwance ƙulle-ƙullensa, gefe biyu suka rabu.

Matsala ta farko tana tsini. Lissafi ya nuna cewa duk lokacin da aka rage nisa zuwa tsini ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, nauyi yakan ninka sau biyu, haka ba iyaka. Gunduwa ta yau da kullum ba ta iya kwaikwayon irin wannan hauhawa. A shekarun 1975 da 1976 Henshell da Shaw a Ingila, da Barsoum a Amurka, suka gano wata dabara mai sauƙi, ba tare da sun haɗa kai ba: idan aka ɗauki ƙullin da ke tsakiyar gefen gunduwa aka matso da shi zuwa rubu'in tazara daga tsini, gunduwar takan ba da hauhawar da ake bukata daidai. Har yanzu ana aiki da wannan.

Da an sami zafin kowane tsini, sai kwamfuta ta shiga zagaye. Takan duba inda kowane tsini zai nufa, bisa ƙa'idar da Erdogan da Sih suka gabatar a shekarar 1963, cewa tsaga takan bi hanyar da jan da ke buɗe ta ya fi ƙarfi. Sa'an nan ta ba kowane tsini takunsa gwargwadon zafinsa bisa lissafin Paris, mai zafi ya yi nisa, na cikin inuwa ya tsaya. Kana ta sake saƙa raga domin ta dace da sabon zanen, ta sake warware lissafi tun daga farko, haka sau ɗaruruwa, har wani tsini ya kai iyakar juriyar ƙarfen. Adadin sawun da aka tara kafin nan shi ne kiyasin ran kayan. Ƙungiyar Anthony Ingraffea a Jami'ar Cornell ta yi suna wajen rubuta shirye-shiryen kwamfuta masu wannan aiki.

Sake saƙa raga a kowane taku aiki ne mai cin lokaci, musamman in tsage-tsage biyu sun matso juna, gunduwoyin tsakaninsu suka matse. Saboda haka aka nemi wasu hanyoyi. A shekarar 1987 Mark Kachanov ya nuna cewa in aka ɗauki matsakaicin nauyin da kowace tsaga ke tura wa sauran kawai, ana samun amsa mai kyau da ɗan lissafi, ko da tsage-tsagen suna da yawa. Akwai kuma dabarar da ke saƙa raga a gefunan faranti da jikin tsaga kaɗai, ta bar tsakiya. A shekarar 1999 Ted Belytschko da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern suka fito da hanyar da ke barin tsaga ta ratsa ta cikin gunduwa, raga tana nan yadda take. Daga shekarar 1998 kuma wasu masana na Faransa, Francfort da Marigo, suka aza harsashin wata hanya dabam, inda akan ba kowane wuri a farantin lamba tsakanin sifiri da ɗaya, gwargwadon lalacewarsa. A wannan hanya ba sai an gaya wa kwamfuta inda tsaga za ta juya ko inda biyu za su haɗe ba, lissafin ne da kansa ke fitar da su. Sai dai tana bukatar raga mai laushi ƙwarai, da kwamfuta mai ƙarfi.

Komawa Ga Jirgin Aloha

Da wannan bayani ana iya fahimtar abin da ya faru a Hawai. An ƙera jirgin a shekarar 1969, kuma da yake tafiye-tafiyensa gajeru ne tsakanin tsibirai, ya tara sawu 89,680 cikin shekara 19. Fatarsa alminiyam ce wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. A inda faranti ya hau kan faranti an manne su da gam, an kuma ɗaure su da layi uku na ƙusoshin haɗi, bisa niyyar gam ya ɗauki yawancin nauyin. Iskar teku mai laima da gishiri ta shiga tsakani, gam ya saki, tsatsa ta kama, nauyi duka ya koma kan ƙusoshi. Bugu da ƙari, an fafe bakin kowane rami domin kan ƙusa ya nutse ya yi daidai da fata, fatar kuwa siririya ce, don haka gefen ramin ya zama mai kaifi kamar bakin wuƙa. Daga nan tsage-tsage suka tsiro a ramuka da yawa na layin sama, kusan a lokaci guda.

Masu ƙera jirgin ba su yi sakaci da batun tsaga ba. Sun sa wa fatar ɗamara ta ciki a kowane inci 10, domin in tsaga ta taho ta ci karo da ɗamara, ta juya, ɗan yanki ya buɗe kamar murfi, iska ta fita a hankali, jirgi ya sauka lafiya. Amma duk wannan shiri an gina shi ne bisa zaton tsaga guda ce za ta taho, kuma ƙarfen da ke gabanta lafiyayye ne. A jirgin Aloha ƙarfen da ke gaban tsagar ya riga ya zama kamar layin hujin rasit, wasu ɗamarun ma sun saki, sai ta miƙe ta bi layin ƙusoshi. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora babban laifin bisa tsarin duba jirage na kamfanin, wanda ya kasa gano sakin gam da gajiyar ƙarfen.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ran 12 ga Agusta, 1985, jirgin Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya faɗi bayan tashinsa daga Tokyo, mutum 520 suka rasu cikin 524. An yi wa bangon da ke riƙe matsin iska a bayan jirgin gyara a shekarar 1978, gyaran kuwa ya bar layi ɗaya na ƙusoshi yana ɗaukar nauyin layi biyu. Cikin sawu fiye da 12,000 tsage-tsage suka tsiro daga ramukan, suka haɗe, bangon ya fashe.

Bayan waɗannan haɗurra hukumomin Amurka suka ƙaddamar da bincike mai zurfi cikin shekarun 1990, inda aka haɗa gwajin manyan faranti da lissafin kwamfuta. An tabbatar da cewa 'yan mitsi-mitsin tsage-tsage a gaban babbar tsaga suna rage nauyin da faranti zai iya ɗauka ƙwarai da gaske. Tom Swift, masani a hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, ya ba da wata ƙa'ida mai sauƙi: a gaban kowane tsini akwai ɗan yanki inda ƙarfe ya miƙe ya kasa komawa yadda yake, kuma da zarar irin wannan yanki na tsaga biyu ya taɓa juna, a ɗauka sun riga sun haɗe, ko da ido yana ganin ƙarfe tsakaninsu. A shekarar 2010 hukumar ta kafa doka cewa kowane samfurin babban jirgi sai an yanka masa iyakar sawu, wadda ba za a wuce ta ba sai an kawo sabuwar hujja. Dalilin dokar shi ne, an yarda cewa akwai matakin da duba da ido ko da na'ura ba ya isa kariya.

Inda Ƙarfin Kwamfuta Ya Tsaya

Kwamfuta ba ta san kome game da farantin ba sai abin da aka gaya mata. Ba wanda ya san girman ɗan lahanin da ke kowane ramin ƙusa ranar da jirgi ya bar masana'anta. Saboda haka akan sa kwamfuta ta rarraba lahani ga ramuka kamar ana jefa ƙuri'a, ta bi su har karyewa, ta sake rabawa ta sake bi, sau dubbai. Amsar da ake samu ba rana guda ba ce, kiyasi ne na yiwuwar karyewa a kowane adadin sawu. Kiyasin kuwa bai fi ingancin zaton da aka fara da shi ba.

Ran 1 ga Afrilu, 2011, fatar wani Boeing 737 na kamfanin Southwest ta yage tsawon kimanin ƙafa 5 a sararin jihar Arizona, jirgin ya sauka lafiya a garin Yuma. Wannan sabon samfuri ne wanda aka sake wa tsarin haɗi, kuma masu ƙera shi ba su sa ran ganin irin wannan tsaga ba sai wajen sawu 60,000, alhali shi bai kai 40,000 ba. Bincike ya nuna cewa tun wajen ƙira ramukan ƙusoshin ba su hudu da kyau ba, na sama da na ƙasa ba su yi daidai da juna ba. Lissafin bai yi kuskure game da farantin da aka zana masa ba, amma farantin da ke jikin jirgin wani ne dabam.

Bututun Mai da Gas

Wannan ilmi bai tsaya ga jiragen sama ba. Bututun da ke binne a ƙasa, in rufin da aka shafa masa ya saki, ruwan ƙasa ya kwanta a jikinsa, tsatsa da matsi sukan haɗu su haifar da tsage-tsage a gungu, wani lokaci ɗaruruwa a wuri ɗaya. Yawancinsu sukan kwanta bisa tsawon bututun, domin jan da ke kewaye bututu ninki biyu ne na wanda ke bin tsawonsa. An fara gane wannan cuta bayan fashewar bututun gas a Natchitoches ta jihar Luwiziyana a shekarar 1965, inda mutum 17 suka rasu. A irin wannan gungu, na tsakiya sukan kwanta cikin inuwar juna, amma waɗanda suka jeru tsini da tsini sukan haɗe su zama doguwar tsaga. Saboda haka ƙa'idojin injiniyoyi na Amurka da na Ingila suka tanadi sharaɗi: in tazarar da ke tsakanin lahani biyu ta gaza wani ma'auni da akan ɗauko daga girmansu, a lissafta su a matsayin lahani ɗaya da ya haɗa su duka har da tazarar.

Al'amarin ya shafi wannan yanki kai tsaye. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. A shekarar 2024 kuma ɗanyen mai ya fara fita daga Agadem ta Jamhuriyar Nijar zuwa gaɓar teku a Benin, ta bututun da ya kusa kilomita 2,000. Irin waɗannan kaya shekaru da yawa ake sa ran za su yi suna aiki, kuma ɗaliban da ke zaune a wannan zaure, da ma'aikatan da ke riƙe da fayil, su za su gaji kula da su.

Abubuwa uku suka wajaba a kansu. Na ɗaya, rahoton duba da ya ba da tsawon babbar tsaga kaɗai rahoto ne gurgu. Tilas ya nuna adadin tsage-tsagen, da inda kowace take, da tazarar da ke tsakaninsu. Na biyu, a adana rahotannin baya, domin sai an gwama na bara da na bana ake sanin saurin girma, kuma da wannan ake gwada gaskiyar lissafin kwamfuta. Na uku, in ɗan kwangila ya kawo zane mai launuka daga kwamfuta yana cewa kaya lafiya suke, wajibi ne a tambaye shi tsaga nawa ya sa a lissafinsa, daga wane awo ya samo su, kuma da wane gwaji aka tabbatar da shirin da ya yi amfani da shi.

Kammalawa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daga Inglis zuwa Paris an koyi auna tsaga guda. Haɗurran 1985 da 1988 suka nuna cewa ƙananan da ke jere sun fi babba guda haɗari. Kwamfuta kuma ta ba da ikon bin tsini da yawa a lokaci ɗaya, wanda alƙalami ba zai iya ba. Amma har yanzu lissafin yana farawa ne daga mutumin da ya durƙusa da fitila da na'urar awo, ya rubuta abin da ya gani, da kuma jami'in da ya karanta rahoton kafin ya sa hannu.